BAYANI: Bakolori, masaƙar Gusau da siyasar yankin da ayyukansa suka ƙafe

Daga ranar 29 ga Mayu, 1999 zuwa 29 ga Mayu, 2023 shekara 24 ke nan. A cikinsu, shekara 20 cur kujerar Gwamnan Jihar Zamfara tana hannun 'ya'yan ƙananan hukumomi uku masu maƙwabtaka da juna: Bakura, Talata Mafara da Maradun. Waɗannan ukun su ne kuma suka kewaye madatsar ruwa ta Bakolori, ɗaya daga cikin manyan ayyukan noman rani da Gwamnatin Tarayya ta kashe wa kuɗi a zamanin bunƙasar arzikin man fetur.

A tsawon waɗannan shekarun ne masaƙar Gusau ta rufe, akasarin filayen ban ruwa na Bakolori suka koma fako, hanyoyin samun abin yi suka ƙuntata. A Amurka da Birtaniya irin wannan durƙushewar ta kifar da jam'iyyu daga yankunan da suka gada kaka da kakanni. A yammacin Zamfara kuwa an yi ta sauya jam'iyya, amma har yau ba a yi zaɓen da batun aikin yi ya yanke hukuncinsa ba. Ga tarihin yadda aka zo nan, da dalilan da suka sa haka.

Yankin da ake magana a kai

Ƙananan hukumomin uku suna cikin mazaɓar sanata ta Zamfara ta Yamma, tare da Anka, Bukkuyum da Gummi. Bakura da Maradun suna da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai, Talata Mafara kuma tana haɗe da Anka. Gulbin Sakkwato ne ya ratsa yankin, kuma a kansa aka gina madatsar. Daga garuruwa irin su Damaga a ƙasar Maradun har zuwa Birnin Tudu a ƙasar Bakura, noma da kiwo da su, wato kamun kifi, su ne sana'o'in gado. Kafin Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, duk yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato.

Ba a taɓa samun jerin manyan masana'antu a nan ba irin na Kakuri a Kaduna ko Bompai da Sharaɗa a Kano. Amma tattalin arzikin yankin ya rataya a kan abubuwa biyu da ke da nasaba da masana'anta: auduga, wadda ake kai wa injinan gurza da masaƙu, da kuma shirin Bakolori, wanda aka tsara shi domin ya zama noma irin na zamani mai ciyar da masana'antu.

Zamanin auduga da jirgin ƙasa

Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Shi ya mayar da Gusau cibiyar sayen auduga da gyaɗa, aka kafa injin gurzar auduga, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, 'yan kasuwa da leburori daga sassan ƙasa suka sauka. A irin waɗannan garuruwa na bakin dogo ne jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta samu magoya baya a lardin Sakkwato, lardin da jam'iyyar NPC ta Sardauna ta fi ƙarfi a cikinsa.

Bayan gurza sai saƙa ta biyo. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 masaƙar Arewa ta biyo baya da jarin Japanawa, sannan UNTL, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa. Gusau ma ta samu tata, wato masaƙar Zamfara, wadda daga baya ta shiga rukunin UNTL tare da masaƙar Funtuwa. Zuwa farkon shekarun 1980, saƙa ce ta fi kowane fanni na masana'antun Najeriya yawan ma'aikata.

Amfanin masaƙa bai tsaya ga mai albashi ba. Manomin auduga a ƙauyen Maradun, dillalin da ke auna ta a kasuwa, direban da ke ɗauka, mai matse angurya, mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa, duk a igiya ɗaya suke. Idan aka tsinke ta a Gusau, sai an ji a gona.

Alƙawarin Bakolori

An fara ginin madatsar a tsakiyar shekarun 1970 aka kammala a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya, wanda ke cikin rukunin Fiat, shi ya yi kwangilar, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tsawon bangon ya kai kimanin kilomita biyar da rabi, tafkin da ya taru a bayansa ya mamaye kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450. An kuma haɗa da ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat uku.

An tsara a shayar da hekta 23,000. Kimanin 8,000 daga ciki ruwa ne zai gangaro musu ta magudanai da kansa. Sauran 15,000 kuwa sai an yi amfani da injinan turo ruwa da bututun feshi, waɗanda ke buƙatar wutar lantarki da kayan gyara daga ƙasashen waje. Wannan zaɓin da aka yi tun a kan takarda shi ne ya zama sanadin raunin shirin. Gwamnati ta yi hasashen alkama da shinkafa da sauran amfanin gona da za su rage shigo da abinci, su kuma samar da ayyuka a gona da wajen sarrafawa.

Mutanen yankin su suka fara biyan farashi. Dubban jama'a ruwa ya tasa daga gidajensu, aka sake musu matsuguni, ciki har da sabon garin Maradun, a ƙasar da ba ta kai fadamarsu ta da albarka ba. A filayen da ake baje wa domin ban ruwa, an hana manoma shuka na tsawon damuna fiye da ɗaya, an sare itatuwa masu amfani, diyya kuma ta yi jinkiri ko ta gaza. A ƙasan madatsar, binciken masanin Birtaniya William Adams ya nuna raguwar ambaliyar da ke jiƙa fadama duk shekara ta rage noman shinkafa da na rani da kamun kifi.

Afrilun 1980

Tun daga ƙarshen 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin, suna neman a biya su haƙƙinsu. A lokacin mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba. Alhaji Shehu Shagari ne Shugaban Ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa kuma Gwamnan Sakkwato, dukkansu 'yan NPN. A ƙarshen Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, suka buɗe wuta, aka ƙona gidaje a ƙauyukan yankin. Hukumomi sun ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. 'Yan adawa da masu bincike sun ce sun haura 380.

Jam'iyyar PRP, wadda ke mulkin Kano da Kaduna a hannun Abubakar Rimi da Balarabe Musa, ta ɗauki lamarin a matsayin shaidar yadda gwamnati ke mu'amala da talaka. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya yi rubutu a kai, haka ma Björn Beckman, ɗan ƙasar Suwidin da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello. Duk da haka, a zaɓen 1983, wanda aka yi ta ƙorafin maguɗi a kansa, NPN ta sake riƙe Jihar Sakkwato da Garba Nadama, ta kuma sake riƙe tarayya, har sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar ƙarshe ta wannan shekarar. Bakolori ta zama abin tunawa a littattafai da jawaban 'yan gwagwarmaya, amma ba ta haifar da wata ƙungiyar siyasa ta manoman yankin da ta ɗore ba.

Yadda ayyukan suka ƙafe

Durƙushewar ba dare ɗaya ta faru ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara shirin gyaran tattalin arziki na SAP. Darajar naira ta karye, kayan gyaran injina suka yi tsada. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da ta auduga, wadda ke raba iri da tsayar da farashi. Manomi ya rasa tabbacin kasuwa, ingancin iri ya lalace.

Najeriya ta shiga Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. An sake hanawa a zamanin Olusegun Obasanjo, amma fasa-ƙwauri ta kan iyakar Nijar da Binin ya riga ya kafu, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwar Kantin Kwari. A farkon 2005 tsarin ƙayyade cinikin yadi na duniya ya ƙare, masaƙun Asiya suka samu fili. A gida kuwa ga rashin wutar lantarki, ga ƙarancin baƙin mai da ake hura tukwanen masaƙa da shi saboda halin da matatar Kaduna ta shiga. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta Kaduna ta dakata a 2007, masaƙar Gusau ma ba ta tsallake shekarun nan ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Bakolori ta bi sahu. Injinan feshi sun tsaya saboda rashin wuta da gyara, aka kwashe bututu, magudanai suka cika da yashi da ciyawa. Zuwa farkon shekarun 2000, abin da ake nomawa bai wuce kimanin hekta 7,500 ba, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da aka tsara, yawanci shinkafa a ɓangaren da ruwa ke gangarowa da kansa.

Gwamnatoci sun yi yunƙurin ceto. An ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da masaƙu, wanda ya taimaka aka sake buɗe UNTL a ƙarshen 2010. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje ta hanyar hukuma. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kusan dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a Arewa, Bakolori na cikin wuraren da aka zaɓa, kuma an gyara magudanai tare da mayar da wani ɓangare na filayen feshi zuwa na gangara. Ba ɗaya daga cikin matakan da ya dawo da yawan ayyukan da aka rasa.

Gwamnoni uku, jam'iyyu uku

Ahmad Sani Yariman Bakura ya ci zaɓen 1999 a jam'iyyar APP, wadda ta koma ANPP. A ranar 27 ga Oktoba, 1999 ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, jihohi 11 suka bi sawu. Batun ne ya mamaye siyasar jihar a daidai shekarun da masaƙu ke mutuwa. Mataimakinsa Mahmud Aliyu Shinkafi ya gaje shi a 2007, ya sauya sheƙa zuwa PDP, sannan ya sha kaye a 2011 a hannun Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, wanda ya tsaya a ANPP. A 2013 ANPP ta narke cikin APC, Yari ya sake ci a 2015. Shi kuwa Yarima ya wakilci Zamfara ta Yamma a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2019.

Zaɓen 2019 kotu ce ta yanke shi. Rikicin zaɓen fidda gwani ya raba APC ta jihar gida biyu a 2018. A lokacin shugaban jam'iyyar na ƙasa shi ne Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a masaƙar Arewa ta Kaduna, ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982, sannan shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Tsohon jagoran masaƙa ya hau ƙololuwar jam'iyya mai mulki, amma abin da ya haɗa shi da Zamfara rigimar 'yan takara ce. A rumfunan zaɓe Mukhtar Shehu Idris na APC ya samu ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya samu 189,452. A ranar 24 ga Mayu, 2019 Kotun Ƙoli ta ce APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, don haka ƙuri'unta sun tashi a banza. Matawalle, ɗan Maradun wanda ya wakilci Bakura da Maradun a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya zama gwamna. A Yunin 2021 shi ma ya koma APC.

A 2023 masu zaɓe sun nuna suna iya rarrabewa. A watan Fabrairu Bola Tinubu na APC ya lashe jihar, Yari ya ci kujerar sanata. Makonni uku bayan haka suka kayar da gwamna mai ci: Dauda Lawal na PDP, ɗan Gusau, ya samu 377,726, Matawalle ya samu 311,976. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin a sake zaɓe a Maradun da wasu sassan Birnin Magaji da Bukkuyum, amma Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci a Janairun 2024. Matawalle ya zama Ƙaramin Ministan Tsaro a Agustan 2023. Abin da ya fi tashe a yaƙin neman zaɓen shi ne tsaro, albashi da fansho da halin makarantu.

Yadda ta kasance a wasu ƙasashe

A 2016 jihohin Mishigan, Wiskonsin da Fensilbeniya, cibiyoyin ƙarfe da motoci da suka daɗe suna zaɓar Dimokurat, sun juya ga Donald Trump, wanda ya ɗora laifin rasa ayyuka a kan yarjejeniyoyin kasuwanci da ƙasar Sin. A 2019 mazaɓu da dama na tsofaffin garuruwan haƙar gawayi a arewacin Ingila sun bar jam'iyyar Leba suka zaɓi ta masu ra'ayin riƙau. A Zambiya, yankin haƙar tagulla ne ya goya Frederick Chiluba, shugaban ƙungiyar ƙwadago, har ya kayar da Kenneth Kaunda a 1991, kuma shi ne ya zama sansanin Michael Sata, wanda ya ci zaɓe a 2011.

A duk wuraren nan ma'aikata sun taru a gari ɗaya, suna da ƙungiya, suna kuma da jam'iyyar da suka ɗauka tasu ce, wadda za su iya hukunta ta idan ta juya musu baya.

Me ya sa Zamfara ta bambanta

Na farko, waɗanda suka yi asara a warwatse suke. Ma'aikatan masaƙa 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da manoman auduga da ke ƙauyuka, kuma da yawa daga cikinsu sun bar gari bayan an rufe ƙofa. Manomi ba shi da katin ƙungiya, ba shi da takardar sallama, asararsa ba ta shiga kowane lissafi.

Na biyu, jam'iyyun ba su bambanta a manufar tattalin arziki ba. Gwamnoni sun sha sauya jam'iyya suna kan kujera, magoya baya suka bi su. Mai zaɓe da ke son hukunta wata manufa sai ya tarar da fuskokin jiya a jam'iyyar gobe. Jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyar ƙwadago ta kafa a 2002, ba ta yi saiwa a jihar ba.

Na uku, kuɗin gwamnati ba daga masana'anta yake fitowa ba. Zamfara ta dogara ne kan kason da ake rabowa daga Abuja duk wata. Masaƙa na iya rufewa ba tare da baitulmalin jiha ya girgiza ba. Inda gwamnati ce babbar mai ba da aiki da kwangila, taki da buhun shinkafa da babur da muƙamin mataimaki na musamman su ke zama abin ciniki tsakanin ɗan takara da jama'a, biyayya kuma ta koma ga ubangida.

Na huɗu, matsalar da ta fi gaggawa ta danne sauran. Haƙar zinariya ta gargajiya ta ja matasa, a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Talata Mafara, a Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba suka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta Maradun. Rashin aiki shi kaɗai bai haifar da ta'addancin ba, domin akwai rikicin filaye da burtali, da zalunci, da yawaitar makamai. Sai dai wanda ba ya iya zuwa gonarsa ba zai fara tambayar ɗan takara farashin auduga ba. A rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, kimanin kashi 78 cikin ɗari na mutanen Zamfara suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 63 ne.

Wa ke da alhakin me

Madatsar Bakolori da manyan magudananta mallakar Gwamnatin Tarayya ne. Harajin shigo da kaya, kwastan, kuɗin waje, ma'adinai, 'yan sanda da soja duk suna hannun tarayya, don haka tambayoyinsu na ɗan takarar shugaban ƙasa ne da sanata da ɗan Majalisar Wakilai, waɗanda ke amincewa da kasafin kuɗi. Ƙasa kuwa, bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, tana hannun gwamna. Haka malaman gona, hanyoyin karkara da makarantun koyon sana'a irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki da ta biyo baya a Yuni, jihohi na da ikon kafa kasuwar wutarsu, kuma an ba su damar shiga harkar jiragen ƙasa. Uzurin cewa wuta ta Abuja ce kaɗai ya ragu.

Dokar da aka sa wa hannu a Mayun 2018 ta rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Matashin Damaga ko Bakura da aka haifa bayan an rufe masaƙar Gusau yana da ƙuri'a, ba da jimawa ba kuma zai cancanci tsayawa takara. Tambayoyin da zai iya yi wa mai neman ƙuri'arsa suna da amsa a lissafe: hekta nawa cikin 23,000 ake shayarwa a bana, wa zai kula da magudanai bayan kuɗin rance sun ƙare, wane injin casa ko na gurza ne zai sayi abin da aka noma, kuma wa zai tsare hanyar gona. Zaɓen 2023 ya nuna mutanen Zamfara na iya sauke gwamna mai ci. Abin da ba a gani ba tukuna shi ne ranar da za su ɗora wani, ko su sauke shi, a kan amsar waɗannan tambayoyi.